Layi na Ɗari Huɗu da Tara

Garwa, ƙarfe biyun dare.
Na ɗebo manhajar daga tushe,
ɗanya, kamar geron da ba a surfa ba,
na ce wa na'ura: harhaɗa.

Ta yi nisa, ta tsaya cak.
Jan rubutu: wani ƙunshi ya ɓata.
Na kawo, ta ce ya tsufa.
Na kawo sabo, ya ƙi zama da maƙwabta.

Sefa dubu ta tafi a data.
Hamajoda mai gadi ya miƙo shayi:
"Har yanzu gardamar?"

Layi na ɗari huɗu da tara,
wani bawan Allah, ban san garinsu ba,
ya manta waƙafi.
Na ɗiga. Ta gangara shiru kamar Binuwai.

Na aika masa gyaran,
har da gaisuwa.