Gwangwanin Batula

Ranar da suka buɗe mini ƙofa a Gadarif
babu wanda ya zo.
Ban yi fushi ba. Wata goma sha tara
sun isa mutane su gaji da ƙirga kwana.

Takarda ɗaya a hannu, mai hatimi biyu,
da rigar da na shiga da ita
tana yawo a jikina kamar ta aro.
Na tsaya bakin titi
ina jiran wani ya ce mini wuce.
Ƙafa ta saba da izini.

"Kai, mai takarda! Rana ba ta san ka fito ba. Zo inuwa."

Gindin dalbejiya, daura da katanga,
Batula ce da murhunta,
kwalaben citta da kanumfari,
kujeru huɗu, ɗaya an ɗaure mata ƙafa da waya.
Ba ta tambayi laifina ba.
Ta tambayi sukari cokali nawa.

Na ce ba ni da ko sisi.
Ta ce, "Wa ya taɓa fitowa can da aljihu?
Sha. Kofin farko na gwangwani ne."

Tsohon gwangwanin madara, an huda murfinsa.
Matan da ke zuwa ziyara
su jefa abin da kuɗin mota ya rage.
Akwai gandiroba ɗaya ma da ke jefawa
in ya ga ba ido.

Ni riɗi ne ya kai ni.
Na ci bashin iri da na tarakta, na sa hannu a cek.
Sama ta yi alkawari a Yuli, ta saɓa a Agusta.
Ita ba a kama ta ba.

Ta jawo littafi daga ƙarƙashin faranti,
bangonsa ya sha maiƙo.
Jikarta Rumana ke rubutawa, ita da ka take riƙewa:
wani lauya da ba ya karɓar kuɗi ran Talata,
masallacin da ke ba da ɗaki kwana bakwai,
likitar da ta san irin tarin da ake fitowa da shi.
"Sannan Usta Jibirin mai walda.
Bakinsa ba daɗi, amma ka je.
A kujerar nan ya zauna shekara tara da suka wuce,
yana kuka kamar an yi masa mutuwa."

Sai ta miƙo waya. "Lambar wa ta rage maka a kai?"
Na danna. Ta yi ƙara sau biyar.
Wata 'yar murya ta ce, "Wa ke magana?"
Na bar ta tana rarrafe.
Batula ta juya tana fifita gawayi
wanda ya riga ya kama.

Yau wata shida ina wurin Jibirin.
Har yanzu mai kanti yana ƙirga canjina sau biyu,
surukina bai miƙo hannu ba tukuna,
ƙarar makulli tana tashe ni da asuba.
Amma ga abin dariya:
ƙofofi nake ƙerawa.
Kowace na gama, sai na shiga bayanta
na gwada ko tana buɗuwa daga ciki.
Jibirin ya gani, bai ce komai ba.
Shi ma haka yake yi.

Ran Alhamis na koma da albashina.
Na jefa biyu a gwangwani,
na ce bari in tafi da kujerar nan in gyara.
Ta ce, "Bar ta. Tana ɗaukar mutum a haka."

Sai ƙofar ƙarfen ta yi kukanta.
Wani yaro, gemu bai gama fito masa ba,
takarda a hannu, ya tsaya bakin titi,
yana duban dama, yana duban hagu,
babu mota, bai tsallaka ba.

Batula na tace shayi, ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Ilyasu, muryata ta dushe yau.
Kira shi."