Bita a Mahauta

Saura kwana tara jarrabawa.
Na dawo Mafara da littafi mai nauyin turmi,
da warin maganin gawa da ya ƙi barin farcena.
Wuta ta ɗauke tun Lahadi,
sai na bi Baba mahauta da asubar Talata,
ina riƙe masa fitila, ina jera jijiyoyin hannu a zuci
kamar mai tilawar da ya ɓace a tsakiyar izu.

Ya kayar da rago, ya ambaci Allah.
Ɗantani ya kama ƙafa, wuƙa ta bi ƙarƙashin fata
ba ta ɓata ko tantani ba.
Mu takwas muke kewaye gawa ɗaya a makaranta,
wata uku muna neman abin da Baba ke samu ido rufe.

"Sahabi, mi aka ce ma wagga can wurinku?"
Ya ɗaga madaciya, koriya, tana rawa a yatsa biyu.
Na ce jakar ruwan da hanta ke dafawa,
shi ke wanke maiƙo a hanji yadda sabulu ke wanke akushi.
Ya ce, "In ta fashe, nama ya baƙunci kare."
Wannan ba ya cikin littafina.

Na roƙi zuciya, ya tsaga mini gida biyu.
Ɗaki huɗu, ƙofofi masu igiya siririya,
bangon hagu ya fi na dama kauri,
don shi ke tura jini har ɗan yatsan ƙafa,
dama kuwa huhu kawai take aike, maƙwabci ne.
Na sa yatsa ta inda jini ke shiga,
ya fito ta inda malami ya zana da jan alli.
Karon farko da hoton ya yarda da ni.

Ƙoda biyu cikin rigar kitse.
A mutum, kowace da matata wajen miliyan,
suna tace jini dare da rana, ba ranar kasuwa, ba Juma'a.
Tumbi dai ya raba mu da rago:
nasa zaure huɗu, namu ɗaya tal,
shi ya sa ba ma tuƙa, sai dai tuƙar magana.

Cinya na motsi a kan tabarma bayan rai ya tafi.
Na ce sauran kuɗin ƙarfi ne tsoka ke kashewa,
sukari ya bi matakala goma, iska ba ta zo ba,
in asusu ya ƙare sai zare ya kama zare ya ƙi saki,
nama ya sandare.
"Kahin azahar," in ji Baba. "Gobe shi yi taushi."
Shekara arba'in ya san lokacin, ni na zo da dalili,
kuma dalilin bai rage wa kowa farashi ba.

Da rana ta taɓa rufin kwano ya zauna kan benci.
Na ji numfashinsa, gajere, kamar mai hawan tudu,
alhali taku shida ya yi.
Na dubi ƙafarsa. Takalmin roba ya nutse cikin fata.
Na durƙusa kamar zan gaishe shi,
na danna idon sawu da babban yatsa, na ƙirga biyar.
Ramin ya zauna. Bai cike ba.

Shafi na ɗari uku da goma sha wani abu,
na karanta shi sau huɗu ina hamma.

"Mi kag gani, likita?" Yana dariya, yana wasa wuƙa.
Ban kai likita ba, Baba, aji biyu nake.
Na ce, "Alhamis za mu Gusau, ni da kai."
Ya ce Alhamis akwai sa biyu.
Na naɗe zuciyar ragon a takardar siminti,
ban san ko don karatu ba ne, ko don miya.