Ɗafa-Goshi

A Arlington, ƙarƙashin ɗakin karatu na unguwa,
akwai wani aji mai ƙanshin kofi da jiƙaƙƙun riguna.
Talata da Alhamis, bakwai na dare,
Eulogia Condori ke saukowa a hankali,
baƙin zare manne a hannun rigarta,
tabarau a hanci, ƙafarsa ɗaya ɗaure da waya.

Shekara hamsin da takwas.
Tun da ta baro Oruro
take rage tsawon wandunan mutanen
da ba su taɓa tambayar sunanta ba.

Malama Halvorsen ta rubuta a allo:
un, re, dis, mis.
Ta ce waɗannan ɗafa-goshi ne,
ba sa tsayuwa da ƙafarsu,
sai sun raɓi gaban wata kalma
su juya mata hali.

Eulogia ta murmusa, ai ta san aikin.
Do, ka ɗinka. Undo, ka farke.
Redo, ka koma kan keke
don mai kaya ya gwada ya yi tsaki.
Mis kuwa almakashi ne da ya zame,
yadi ya tafi, ba ya dawowa.
Ta raɗa wa Tesfalem, direban tasi na gefenta:
ashe Turancin ma tela ya yanka shi.

Ba kullum dabarar ke ci ba.
Ta tarar da uncle a takarda, ta yanke masa un,
ta zauna tana juya ragowar
kamar maɓallin da ba shi da riga.
Aji ya kwashe da dariya, har da ita.
Malama ta ce wasu kalmomin
da goshinsu aka haife su.

Wata Alhamis ruwa ya hana rabin aji zuwa.
Aka rubuta appear, wato bayyana,
sannan aka ɗafa masa dis.
Kafin a fassara, ta riga ta gane.

Severino, ƙaninta, ɗan sha tara,
ya shiga ramin haƙar kuza ran wata Litinin
da fitila a goshi da ɗumamen dankali a aljihu.
Dutse ya rufe bakinsa.
Ko takalmi ba a kawo wa uwarsu ba.
Shekara talatin tana ɗauke da wannan,
yau ga shi a haruffa uku.

Ta ɗaga hannun da allura ta sassoke.
"Malama, in an farke dis, an ɗinka re fa?"
"Akwai kalmar. Sake bayyana."
"Ana faɗinta ga mutum?"
Malama ta rufe bakin alƙalami, ta daɗe.
"An fi faɗa wa rana bayan hadari.
Ga mutum ma, wani lokaci."

A motar komawa gida
tagar ta yi gumi saboda sanyi.
Ta rubuta kalmar da ɗan yatsa,
ta manta p guda, ta cusa shi a sama.
Kafin tasha ta uku haruffan sun fara zuba.

Ta iske jikanta yana barci da takalminsa.
Ta cire masa, ta ja bargo,
ta ɗora tafin hannu a goshinsa
ko da zazzaɓi.
Babu.
Ta bar hannun a wurin.