Sawu a Bakin Tanti

Kogin Hoanib kogi ne a suna kawai.
Yashi ne kwance, fari fat, daga duwatsu har teku,
ruwansa ya nutse ƙasa, ya ja bakinsa ya yi shiru.
Nan muka kafa tanti huɗu a gindin gawo,
ni da kawuna Ebson, da baƙi shida
da suka ƙetaro duniya don su ga giwa.

Kwana uku muna bin sawu.
Mun ga mariri a kan tudu, ƙahonsa masu biyu tsaye,
mun ga jimina tana tsere da inuwarta,
raƙumin dawa ya leƙo ta saman itace, ya raina mu, ya wuce.
Giwa kuwa, sai kashinta.
Kawu ya fasa shi da yatsa, ya shinshina, ya ce, “Na jiya ne.”
Kullum na jiya ne.

Tsohuwa Ingeborg ta naɗe taswirarta,
ta ce jibi jirginta zai tashi.
Ban tanka ba.
Ban ba ta labarin shekarar da nake ’yar tara ba,
daren da giwa ta shigo lambun kakata,
ta tumɓuke famfo, ta fasa tanki,
ta tattake kabewa sittin
da muka shayar da gwangwani, safe da yamma.
Kaka ta kife bokiti ta zauna a kai.
Ba ta yi kuka ba. Waƙa dai ta daina.
Yau ga ni, abincina a bayan giwa yake tafiya.

Dare ya raba, garwashi ya koma toka,
dila ya gama zagayen tukunya ya tafi.
Sanyin teku ya taso da danshinsa, yana neman ɓargo.
Na fito duba igiyar tanti
sai na ga taurari sun ragu ta gabas,
kamar an ajiye dutse inda ɗazu babu dutse.

Dutsen ya yi numfashi.

Ba ƙara, ba girgizar ƙasa.
Duk girman nan, takunta na uwa ne a ɗakin jariri.
Ta jingina goshi da gawo, ta tura,
’ya’yansa suka zubo ƙwas-ƙwas a kan tanti,
ta bi su ɗaya-ɗaya da bakin hancinta
kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake.
Cikinta na ruri ƙasa-ƙasa, a haƙarƙarina nake jin sa.
Haurenta na hagu guntu ne.
Ko tankinmu ya karya shi, ko wani dutse,
ba wanda zan tambaya.

Tocila na hannuna, ban kunna ba.
Tsakanina da ita taku bakwai,
tsakanina da tantin tsohuwa taku uku.
Kira ɗaya ya isa ya tashe ta,
kira ɗaya kuma ya isa ya jawo abin da ba a so.
Haka zan faɗa in an tambaye ni.
Gaskiyar ita ce rowa na yi.
Akwai bashi tsakaninmu, ni da ita,
na tsaya in ji ko zan iya yafewa.
Har ta gama ci ban sani ba.

Da asuba ga sawu a bakin tanti, faɗin faranti,
da zane-zane kamar tafin hannun kaka,
raɓa ta kwanta a ciki, wani ƙwaro na sha.
Ingeborg ta fito da safa,
ta sa ƙafafunta biyu a ciki, ga sauran wuri.
Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Kawu ya durƙusa, ya taɓa gefen yashin.
“Na yau ne,” in ji shi.
Ya dubi sawun takalmina can gefe,
inda na tsaya har ya yi zurfi.
“Kin yi barci, Sanna?”
Na ce, “Kamar gawa.”
Ya hura wuta, ya ɗora buta, bai ƙara ba.

Na tsince ’ya’yan gawon da ta rage,
na cika aljihu biyu.
Awakin kaka na son su.