'Yan Jiƙo

A bayan gidanmu na Aboabo
nake kiwon kifin ado a tsofaffin baho,
ranar Asabar in kai Adum a kwalabe.
Bana uwa ta yi ƙwai, ƙwai ya ƙyanƙyashe,
'ya'yan kamar gashin ido an yanka shi uku.
Na niƙa musu gari, na sake niƙawa,
ashe bakinsu bai kai ƙwayar garin ba.
Kwana uku, suka yi ta kwantawa ƙasan baho
ɗaya bayan ɗaya.

Ramlatu ta sauka daga toro-toro ran Juma'a,
jakar jami'a a kafaɗa, ta leƙa baho.
"Kawu, infusoriya za ka ba su."
Na ce, a wane shago? Sidi nawa?
Ta yi dariya har mayafi ya zame.

Ta ce a ba ta kwalba, a ba ta ɓawon ayaba,
da ganyen latas da ya gaji,
da ruwan kududdufi cokali biyu.
Ta ajiye a taga, ta ce, "Bar shi ya jiƙu.
Sunan ma daga nan ya fito.
Masu duba na dā, can a ƙasashen sanyi,
sun jiƙa ciyawa, sun jiƙa barkono,
suka sa ɗigo a ƙarƙashin madubi,
sai ga gari guda yana iyo.
Suka ce, waɗannan na cikin jiƙo ne.
Ma'anar ke nan da Latin, ba wani abu."

Iya Tasallah tana ɗaure sassaƙe a tabarma,
shekara arba'in tana sayar da jiƙo a Asawase.
Ba ta ɗaga kai ba ta ce,
"To a ce 'yan jiƙo mana.
Me ya kawo karya harshe?"

Kwalba ta yi hazo, ta yi wari,
matar gida ta yi mita,
ran na biyar ruwa ya fara washewa.
Ramlatu ta aro madubi a kwali,
na runtse ido ɗaya, na duƙa.
Subhanallahi.
Ga wani kamar silifa, gashi ko'ina, yana tuƙi,
ga wani ƙararrawa ce a kan tsinke,
a taɓa gilas ya nannaɗe,
ga wani bai yanke shawarar kamanninsa ba.
Kejetiya ce da hantsi
a cikin abin da bai jiƙa farce ba.

Na ce, duk sunansu ɗaya?
Ta ce, "A jarrabawa in na rubuta haka
malaminmu zai ja jan biro.
Masana sun bar kalmar tuni,
sun raba kowa da danginsa.
Masu kiwon kifi ne suka riƙe ta."

Nan na gane.
Mu ma ai haka aka yi mana.
Mosi da Zabarma, Kotokoli da Wangara,
kowa da hanyar da ta kawo shi,
wani goro, wani shanu, wani soja,
aka same mu a zango ɗaya,
na cikin gari ya duba daga nesa
ya ce, duk Hausawa ne.
Sunan masauki ne, ba na asali ba,
amma da shi ake kiranmu cin abinci.

Da safe na ɗiba da sirinji,
na ɗiga a baho.
Ban ga abin da na zuba ba.
Na dai ga gashin ido suna zabura,
suna cafkar babu,
cikinsu na yin fari.

Iya ta dubi tukunyar jiƙonta, ta dube mu.
Ramlatu ta buɗe baki.
"Kul," in ji Iya. "Ina tafasa nawa
tun ubanki bai san hanyar masai ba."

Talatin da ɗaya suka rayu.
Na rubuta kalmar da alli a bangon bayan gida
don kada ta gudu,
ruwan Yuni ya wanke rabinta.
Kwalba uku ne yanzu a taga.