Lamba Takwas

A Duluth, daren da bakin tafki ya daskare,
Baba Osmo ya kwana yana tari.
Shekara talatin da ɗaya yana loda tama a jiragen ruwa,
ƙirjinsa ya ɗebi rabonsa, bai mayar ba.

Na sauka ɗakin ƙasa da tocila a baki,
matakala goma sha uku, ta taran tana kuka.
Ga tanderun gas a lungu, ya girmi aurena,
harshensa shuɗi yana leƙe ta 'yar taga.
Na kashe makunni, na zaro matatar iska:
ta yi toka-toka, ta yi nauyi,
gashin mage, burbushin bargo, garin shekara da wata uku.
A gefen kwalinta, da jan biro,
hannun Inna Helmi: Oktoba, bakwai.
Ita kuwa Maris bai ƙare da ita ba.

A kanti Thaddeus ya bi jerin da yatsa:
“Inci sha shida, ashirin da biyar, kauri ɗaya.
Lamba na hawa, ƙofofi na tsukewa.
Huɗu sai dai ta tare gashi,
takwas ta ishi yawancin gidaje,
sha uku, ko hayaƙi sai ya yi sallama.”
Na ga wata “amma” tana taruwa a leɓensa.
Ban jira ta ba.
Na ɗauki sha uku, mai ninki kamar zugazugi,
na biya ba ciniki, ina jin kaina 'yar halak.

Kibiya ta dubi fanka, haka aka rubuta.
Na zura, na rufe, na kunna.

Ƙarfe uku sanyi ya ciji hancina.
Can ƙasa tanderu ya yi gurnani,
ya ja numfashi, ya ja,
sai ɗif.
Ya sake tashi. Ya sake mutuwa.
Na sami Baba zaune cikin kwat biyu,
maganarsa tana fita fara fat, tana watsewa.

Gwen Beaulieu ta iso kafin gari ya waye,
ƙanƙara a takalminta, fensir a kunne.
Ko jakar aiki ba ta buɗe ba.
Ta zaro sabuwar matata, ta nuna mini cikinta,
ya lotsa kamar na wanda ya kwana da yunwa.
“Fankar nan tsohuwa ce, ba ta iya ja ta nan.
Zafi ya taru ya rasa hanya,
shi ne ya kashe kansa kafin ya tsage.
Garin neman gira kin kusa rasa ido.”
Ta ɗauko takwas daga bayan mota.
“Duk wata ki ɗaga ta ga fitila.
In haske ya ƙi ratsawa, ta gama nata.
Ƙirjin tsoho kuma, ki sa masa na'ura a ɗakinsa,
kada ki ɗora wa tanderu aikin likita.”

Daga saman matakala dariya ta ɓarke,
rabinta tari.
“Sirkka,” in ji Baba, “ki tambaye ta batun tagata.
Da gishirina. Da kofi na biyu.”
Gwen ta sunkuya, wai tana duba waya.

Ni ban ce uffan ba.
Bututu ya fara ƙas-ƙas yana miƙewa,
ɗumi ya hau ɗaki-ɗaki da ƙanshin ƙarfe,
mage ta riga kowa zuwa bakin ƙofar iska.

Na karɓi fensir, na durƙusa:
Janairu, sha bakwai.
Bakwai ɗin tawa da ɗamara a ƙugu,
ban san yaushe na koya ba.

Tsohuwar matata na jefa a shara,
bayan na yage gefen kwalin na sa aljihu.
Na haura, na tsallake ta tara,
na ɗora tukunyar kofi.
Taga dai sai bazara, na faɗa masa.
Ya ce, “Za mu gani.”