Tsirkiya Ɗaya

Ni na riƙe wa Bhag Ali awartaki
shekara talatin da bakwai.
Ba irin na maƙera ba: dogo ne, kamu uku,
da ƙananan faifan tagulla jere a jikinsa,
chimta muke ce masa a bakin kogin Chenab.
In ya ja numfashi, in kaɗa.
In ya yi shiru, in yi shiru.
Iyakar karatuna ke nan.

Ubansa maginin tukwane ne a Kot Sawan,
ya so ɗa ya gaji yumɓu.
Shi kuwa yaron sai ya kifa tulu
yana ƙwanƙwasa masa ciki, kunne a manne.
Ranar da ya fasa goma sha ɗaya
wajen neman amon da ya ji a mafarki,
uban bai ɗaga hannu ba,
ƙofa kawai ya nuna masa.

A hubbaren waliyyi ya kwana, daren Alhamis,
cikin hayaƙin fitilun mai da warin busasshen fure.
Wani makaho ya laluba fuskarsa,
ya miƙa masa tumbi: duma, sanda, waya guda.
Ya ce, “Kada ka raina ta, yaro.
Mai tsirkiya ɗari ma Ɗaya yake nema.”

Mun yi waƙa a masussukar alkama
don mudu biyu da ƙwaryar nono.
Mun yi a biki, inda aka ajiye mu can bayan ɓaunaye,
kwanonmu daban, kofinmu daban.
A waje suke kuka da muryarsa,
su koma ciki su ce ɗan mai tukwane ne.

Sai rediyon Lahore ya kira.
Ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin ɗaukar murya,
wai ko’ina aka ambaci Masoyi masallaci ne.
Suka ce minti shida.
Ya ce, “Minti shida ko gaisuwa ban gama ba.”

Daga nan sai kaset.
Kowane direban babbar mota, daga Jhang har bakin teku,
ya san inda muryarsa take karyewa.
Mai kamfani ya ɗora bene a kan bene,
mu aka ba mu agogon bango
da bargo guda, muka raba shi da almakashi.
Matarsa Bakhtan ta rataye agogon,
ba ta taɓa sa masa batir ba.

Na taɓa tambayarsa a jirgin ƙasa,
“Yarinyar nan ta cikin waƙa, mai jira a mashaya,
mace ce ko Ubangiji kake nufi?”
Ya ɓare rake da haƙori, ya tofar.
“Kai dai kaɗa ƙarfenka, Manzura.”

Maƙogwaro ne ya fara tafiya ya bar shi.
Likita ya yanka, ya ɗinke, ya ce an dace.
An dace: rai ya tsaya, murya ta wuce.
Damina huɗu yana zaune a gindin hubbaren nan,
tumbi a cinya, kamar jikan da ya yi barci.

Wata la’asar wata mota ta tsaya shan shayi,
muryarsa ta ƙuruciya na fita ta taga.
Ya saurara, ido rufe.
Da aka zo baiti na uku sai ya ɗaga yatsa,
ya girgiza kai, ya ja hannuna,
ya rubuta a ƙasa da tsinke:
“Nan na yi gaggawa.”

Shi ke nan abin da ya bar mini a rubuce.
Kafin magariba awaki sun bi ta kai.

Yanzu duk daren Alhamis nakan ɗauko chimta,
in zauna inda na saba, hagu da shi kaɗan,
in jira ya ja numfashi.